Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2022: Zumuncinmu da Majami'ar Yahudawan Unguwa da Sauran Al'amura

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa ga iyayenmu dattawa maza da mata, da dukkan membobi, na nan Manchesta da waɗanda aiki ko karatu ya kai wasu garuruwa amma ba su yanke zumunci ba.

Kamar yadda aka saba duk ƙarshen shekara, ga bayanin abin da ƙungiya ta yi. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta abinsa ranar babban taro, don haka ba zan taɓa shi ba. Kwamitin zartarwa ya ba ni izini in tsawaita a kan aiki guda, wato hulɗarmu da majami'ar Yahudawan da ke unguwarmu. Shi ne ya fi jawo magana a tsakaninmu bana, kuma da yawa a bakin wasu suka ji labarinsa, an ƙara masa gishiri.

Ayyukan da aka saba

Makarantar Hausa ta yara ta ci gaba kowace Asabar, sai dai har yanzu iyaye a bakin ƙofa suke sauke yara su wuce. Asusun jana'iza ya yi aikinsa a rasuwar da aka yi mana, Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. An yi walimar ƙaramar sallah da ta babba, an tarbi sababbin ɗalibai a watan Satumba, an taya su neman ɗaki da rigunan sanyi. Da kuɗin wuta da gas suka yi tashin gwauron zabi a farkon hunturu, kwamitin walwala ya tallafa wa wasu gidaje ba tare da an bayyana sunan kowa ba. Mun gode wa matan da suka riƙe wannan aiki.

Yadda aka fara sanin juna

A wurin rarraba abincin mabuƙata na unguwa aka haɗu, tun lokacin korona. Matanmu da matan majami'ar suna ɗaure ledoji a teburi ɗaya, hira ta kai ga tambayar me ya sa ba a ganin su daga yammacin Juma'a, suka ce lokacin ne hutun ibadarsu na Asabar ke kamawa. Daga nan gayyata ta fito.

Kafin mu amsa, sai muka fara da neman sani. A hutun makaranta muka kai yara gidan tarihin Yahudawa da ke titin Cheetham Hill, wanda aka sake buɗewa a 2021 bayan an faɗaɗa shi. Asalinsa majami'a ce da aka gina a 1874 domin Yahudawan da kakanninsu suka fito daga Sipaniya da Fotugal, yawancinsu fataken yadi da masaƙun garin nan suka jawo. A nan muka ji cewa in aka cire Landan, babu garin da ya kai Manchesta yawan Yahudawa a ƙasar nan. Baƙi ne su ma a dā, kamar mu, sai dai sun riga mu zuwa da shekaru sama da ɗari.

Abin da muka gani a majami'a

Wakilanmu sun halarci ibadar safiyar Asabar a matsayin 'yan kallo. Ana fuskantar Kudus. A bangon gaba akwai ma'ajiyar da ake ajiye Attaura, wadda ake rubutawa da hannu a kan fata a naɗe ta a jikin sanduna biyu. Sun raba ta kashi 54, ana karanta rabon kowane mako, a sauke cikin shekara a sake ɗaukowa daga farko. Mai karatu in ya yi tuntuɓe a harafi, nan take na gefensa zai gyara masa. Wani dattijonmu ya ce wannan kam bai ga bambancinsa da mai jan baƙi da alarammomin da ke bayan liman a tarawihi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar mutum goma. Akwai addu'o'in da ba a yin su sai an sami manya goma, abin da suke kira minyan. A wannan majami'a maza ake ƙirgawa, daga ɗan shekara 13 zuwa sama. Addu'ar da mai makoki ke yi bayan rasuwar iyayensa tana cikin waɗannan. Saboda haka da sassafe a ranakun aiki za ka ga mutum tara suna duban ƙofa, ana buga waya ana neman na goma, don kawai wani maraya ya samu ya sauke nauyin da ke kansa. Mu da muke kiran taro sau uku kafin a cika adadin da tsarin mulkinmu ya tanada, na ji kunya.

Suna da ƙungiyar masu wankan gawa, 'yan sa-kai ne, maza na maza, mata na mata. Farin likkafani ne ga mai kuɗi da talaka, ba a jinkirta binnewa, sannan a yi zaman makoki na kwana bakwai a gida, maƙwabta su riƙa kawo abinci. Kwamitin jana'izarmu ya zauna da nasu sau biyu, domin matsalarmu ɗaya ce da su: samun takardun hukuma da wuri idan rasuwa ta faɗo a ƙarshen mako. Sun daɗe a wannan fagen, kuma sun nuna mana ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa.

Daren Idin Ƙetarewa

Bana idinsu na Fesak, wanda suke yi don tunawa da fitar Banu Isra'ila daga bautar Masar, ya kama daga yammacin Juma'a 15 ga Afrilu, muna tsakiyar Ramadan, kuma ranar ce Juma'ar da 'yan'uwanmu Kirista ke tunawa kafin Ista. Su Kiristocin cikinmu, 'yan Filato da Kudancin Kaduna, sun san idin da sunan Idin Ƙetarewa, kuma su suka fara yi mana bayani daga Littafin Fitowa. Watan sama Yahudawa ke bi kamar mu, idin kuma yana faɗowa ne a 15 ga watan Nisan, daren da farin wata ya cika. Amma suna ƙara wata na goma sha uku sau bakwai a cikin kowace shekara 19, shi ya sa idinsu ba ya barin bazarar ƙasashen arewa, namu azumin kuwa yana zagaya shekara. Kwana bakwai ake yi a Isra'ila, takwas a irin wannan majami'a ta ƙasashen waje.

Ainihin cin abincin daren idi, wanda suke kira Seda, ma'ana tsari, a gida ake yin sa tare da iyali. Saboda haka sai suka shirya mana na koyarwa a zaurensu ranar Lahadin da ta gabaci idin, suka daidaita shi da lokacin buɗa-baki, suka ware mana ɗaki muka yi Magariba. A al'ada ana shan kofi huɗu na giyar inabi. Mun gaya musu matsayinmu tun da wuri, ba su yi gardama ba, aka sa matsattsen inabin da bai tsimu ba a kowane teburi.

Dole in ambaci funkason Hajiya, tunda ita da kanta ta ce a rubuta. An roƙe mu kada mu kawo dafaffen abinci, dabino da 'ya'yan itace kawai. Uwarmu ta ce ita ba ta taɓa zuwa gidan mutane hannu rabbana ba, ta soyo funkaso cike da kwano. Ashe alkamar da ta kumbura ita ce ainihin abin da suke kora daga gida a wannan lokaci, an kuma riga an wanke madafar zauren tas domin idi. Duk abin da aka yi da alkama, sha'ir ko danginsu uku, muddin ya jiƙa ya tashi, ba a cin sa ba a kuma mallake shi har idi ya wuce. Ana share gida lungu-lungu, a daren jajibiri a bi da kyandir ana neman ɓurɓushi, da safe a ƙone. Kwanon Hajiya dai a mota ya kwana rabin dare, samarinmu suka ga bayansa kafin sahur.

A madadin burodi ana cin matsa, wata busasshiyar gurasa ce ta gari da ruwa zalla, wadda dole a gasa ta kafin minti 18 ya cika daga kwaɓawa. Dalili na farko tarihi ne: Banu Isra'ila sun fita daga Masar a gaggauce, ƙullunsu bai samu ya tashi ba. Malaminsu ya ƙara mana dalili na biyu. Ya ce garin burodi da na matsa ɗaya ne, iska ce kawai ta kumbura ɗayan, don haka mai share ɓurɓushi daga lungun ɗaki ana so ya duba girman kan da ya ɓuya a lungun zuciyarsa. Masu azumi ba su buƙaci a maimaita musu wannan ba.

A kan faranti akwai ƙashin da aka gasa, tunawa da ragon da ake yankawa kafin Rumawa su rushe Haikalin Kudus, babban ɗakin ibadarsu, a shekara ta 70 Miladiyya. Akwai ƙwai, da ganyen da ake tsomawa a ruwan gishiri saboda hawayen bayi, da wata saiwa mai ɗaci da ke hawa hanci, da wani kwaɓi mai zaƙi da aka yi shi da kamannin ƙasar gini don tuna aikin tubali. Da aka zo lissafa annoba goma, har da jini da kwaɗi da ƙwarƙwata da fara waɗanda muka sani a Suratul A'araf, sai kowa ya riƙa ɗige ɗigo ɗaya daga kofinsa. An ce murnar tsira ba ta cika kofi, tunda waɗanda suka halaka ma bayin Allah ne. Sun kuma nuna mana cewa da ƙyar za ka ji sunan Annabi Musa (AS) a littafin da ake karantawa a daren, don kada a jingina ceton ga wani ba Allah ba.

Amma duk wannan shiri, yaro ake yi wa. Ba a fara ba da labari sai ƙaramin gida ya miƙe ya yi tambaya: me ya bambanta wannan dare da sauran darare? Ana ɓoye ɓarin matsa yara su nema, wanda ya samo a ba shi tukwici, don kada barci ya kwashe su. Kuma uba ba ya cewa kakanninmu sun yi bauta. Cewa yake mu bayi ne ga Fir'auna a Masar, domin koyarwarsu ita ce a kowane zamani mutum ya ɗauki kansa kamar shi ne ya fito da ƙafarsa. Suna danganta sunan Masar a Ibrananci da ƙunci, wato kowa ya tambayi kansa wane ƙunci ne yake ciki bana. A farkon zaman ana shelar duk mai jin yunwa ya zo ya ci, kuma tun kafin idi ake tara abin da suke kira kuɗin alkama don kada wani gida ya rasa na idi. Zakkar kono ce ta faɗo mana a rai.

Na kalli wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba tana rera tambayoyin nan da Ibrananci, jikanyar jikokin baƙi, haihuwar Manchesta. Na tuna namu da ake yi wa Hausa su amsa da Turanci.

Saɓanin da aka samu

Ba kowa ne ya yarda da wannan ziyara ba, kuma ba zan ɓoye ba. A makon idin ne aka yi artabu a Masallacin Ƙudus, aka ji wa masallata da yawa rauni. Wasu membobi suka ce mun ci abinci da waɗanda bai kamata ba, biyu suka janye daga kwamiti. Matsayin kwamitin zartarwa shi ne haƙƙin maƙwabci daban, hukuncin gwamnatin wata ƙasa daban, kuma ba mu canja ra'ayinmu a kan zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa ba. Mun faɗa musu haka a gabansu. Mun tarar su ma ba bakinsu ɗaya ba a kan lamarin. Zaman ya yi nauyi, amma ba wanda ya tashi ya fita. Waɗanda suka janye har yanzu 'yan'uwa ne, kujerunsu na nan.

Da Ashura ta zo a watan Agusta, mu muka gayyace su. Malaminmu ya yi bayanin hadisin da ya nuna Manzon Allah (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumi saboda tsirar Annabi Musa daga Fir'auna. Wani ɗalibin tarihi a cikinmu ya kawo batun Shehu Magili, wanda ya jagoranci adawa da Yahudawan Tuwat, cikin Saharar Aljeriya ta yau, a ƙarshen ƙarni na 15 kafin ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Wasu sun so a tsallake wannan, ni kuwa ina ganin ya kyauta da ya faɗa. An ci tuwo da miyar kuka, baƙinmu suka tsaya a kan 'ya'yan itace da shayi saboda dokokin abincinsu.

Abin da ke gaba

A 2023 idinsu zai fara da yammacin 5 ga Afrilu, cikin Ramadan kuma. Sun sake gayyata, babban taro ne zai yanke ko a je. Kwamitin ilimi ya kawo shawarar a ware dare ɗaya a cikin azumi, kowane gida ya zauna da yaransa, ƙaramin gida ya yi tambaya da Hausa a kan garin da aka fito da dalilin barowa, iyaye su amsa da Hausa. Ana neman mutum uku da za su tsara tambayoyin, da mace ɗaya da za ta shiga kwamitin jana'iza. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taro. Za a turo rana da wuri ta WhatsApp.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa