Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Tabar Lantarki

Mai girma Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ka riƙon wannan amana.

Ranka ya daɗe, ni malamin sakandare ne a Zariya. A zangon da ya wuce na ƙwace wani abu a hannun ɗalibina ɗan shekara 15 a bayan aji. Na ɗauka alƙalami ne, ruwan hoda, sai ƙamshin kankana yake yi, ashe tabar lantarki ce. Da na tsare shi, ko gezau bai yi ba, ya ce, "Malam, ai ba taba ba ce, tururi ne kawai." A jikin abin an rubuta nikotin kashi 5 cikin 100, alhali a Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda a wuce kashi 2 ba. A shagon caja da kayan waya ya saya, kuma babu wanda ya tambaye shi shekarunsa.

Da wannan kaɗai na gani, da cewa zan yi a haramta ta kowa ya huta. Amma ina da yaya, direban tirela, wanda ya shekara 27 yana shan taba. Duk azumi sai ya ɗauki alkawarin bari, amma ana shan ruwa, ko dabino bai gama wuce maƙogwaro ba, ya kunna kara. Tarinsa na asuba har maƙwabta sun san shi. Wani abokin aikinsa ne ya ba shi tabar lantarki, yau shekara 3 ke nan bai sayi kwali ba, tarin kuma ya yi sauƙi ƙwarai. Ba zan ɓoye wannan ba don kawai ina fushi da abin da na gani a makaranta.

Ka fi ni sanin dalili. Nikotin shi ne ƙugiyar da ke riƙe mashayi, amma mafi yawan kisan hayaƙin ƙonewa ne ke yi, da kwaltar da ke cikinsa da gurɓatacciyar iska. A hayaƙin taba akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji. Tabar lantarki ba ta ƙona ganye, ruwa take dumamawa, shi ya sa gubarta ba ta kai ta sigari ba. A wani gwaji da aka yi a Ingila aka wallafa a 2019, cikin mutum 886 masu neman barin taba, kashi 18 na waɗanda aka bai wa tabar lantarki sun cika shekara ba su sha sigari ba, waɗanda aka bai wa cingam da filastar nikotin kuwa kusan kashi 10. Sai dai a wannan gwajin, 8 cikin 10 na waɗanda suka bari ta hanyarta suna nan suna zuƙarta bayan shekarar. Haka yayana yake. Idan cajin abin ya ƙare a hanya, hannunsa har rawa yake yi. Ya rabu da hayaƙi, amma nikotin bai sake shi ba, ga shi kuma yana fama da hawan jini, wanda nikotin ke ƙara wa wuta don yana hanzarta bugun zuciya yana matse jijiyoyi.

To, wannan ribar ta wanda ya riga ya kamu ce. Ɗalibina bai taɓa shan taba ba, me za a cece shi daga gare shi? Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma nikotin ya fi saurin kama ɗanyar ƙwaƙwalwa, yana taɓa natsuwa da riƙon karatu. Ina ganin haka a aji: yaro ya kasa zaman minti 40, sai neman izinin fita kewaye. 'Yan mata ma sun shiga, don ba ta barin warin da uwa za ta ji a hijabi, nan gaba kaɗan kuma su ne masu juna biyu, ga nikotin yana cutar da ɗan tayi. Abin kuma sabo ne, a 2003 wani mai haɗa magunguna ɗan Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro shi, don haka duniya ba ta ga huhun wanda ya shekara 40 yana zuƙa ba tukuna.

Dokarmu ta taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma da ganyen taba a rai aka rubuta ta, wannan sabon kaya ya samu kafa ya shige. Indiya ta haramta shi gaba ɗaya a 2019. Ni ban ga hakan zai yi mana ba, don da irin iyakokinmu 'yan fasa-ƙwauri kawai za a buɗe wa kasuwa, kuma mun ga abin da ruwan tabar lantarki na kasuwar bayan fage ya yi a Amurka, inda zuwa farkon 2020 aka kwantar da mutum sama da 2,800, 68 suka mutu, akasari saboda gurɓataccen man wiwi da aka zuƙa. Ostireliya ta mayar da sayarwa kantin magani kaɗai a 2024, Birtaniya kuma ta hana irin wadda ake zuƙa a yar tun watan Yunin 2025.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka kai wa Majalisa gyaran da zai ambaci tabar lantarki da sunanta. A sa iyakar nikotin, NAFDAC ta riƙa gwada abin da ke shigowa, a cire ɗanɗanon alawa da kankana, don ba direban tirela ake farauta da su ba. A ɗauke ta daga shagon caja a kai inda mai sayarwa zai nemi shaidar shekaru, ya kuma iya gaya wa irin yayana yadda zai riƙa rage ƙarfinta har ya ajiye. Gargaɗin jikinta a rubuta shi da Hausa da sauran harsunanmu.

Na kira mahaifin yaron na miƙa masa abin. Ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya ce ya sha ganinsa a ɗakin, ya ɗauka turare ne.

Wassalam.

Naka,
Malamin sakandare, Zariya