Abin da ya kori Kwasi Kwarteng a 2022

Ya Edita, assalamu alaikum.

Har gobe a majalisun shayi na Aboabo da Asawase, in hira ta kai ga Birtaniya sai ka ji an ce an tsige Kwasi Kwarteng daga muƙamin ministan kuɗi ne don baƙar fata ne, ɗan asalin Ghana. A ba mu fili mu gyara wannan magana, domin tana ɓoye abin da ya shafi aljihunmu.

Shekarar ta zo musu da abubuwa da yawa. Firaminista uku suka gani: Boris Johnson, Liz Truss da Rishi Sunak. 

Batun Kwarteng ya fara ne 23 ga Satumba. A matsayinsa na ministan kuɗi ya sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45, har da soke matakin haraji mafi girma na kashi 45 cikin ɗari da ake karɓa a lokacin daga masu samun sama da fam 150,000 a shekara. Bai faɗi inda zai cike giɓin ba, bai kuma fito da hasashen hukumar da ke tantance kasafi ba. Ma'ana, bashi za a ci, a lokacin da tsadar kaya ta kusa kashi 10.

Masu ba gwamnati rance suka tsorata. Darajar takardun bashin gwamnati ta faɗi, kuɗin ruwa ya hau, fam ya sauko kusan dala 1.03. Inda abin ya fi muni shi ne asusun fansho. Sun jingina waɗannan takardu sun ci bashi a kansu. Da darajar jinginar ta ragu aka ce su kawo tsabar kuɗi, sai suka shiga sayar da takardun, farashi ya ƙara faɗuwa. Ranar 28 ga Satumba Babban Bankin Ingila ya shiga kasuwa da shirin sayen takardun har na fam biliyan 65. Bankuna kuwa suka janye ɗaruruwan tayin rancen gida. Kwarteng ya tafi 14 ga Oktoba bayan kwana 38 a kan muƙamin, Firaminista Truss, farar fata, ta sanar da murabus kwana shida bayansa.

Abin da ke ci mana rai shi ne mu ma a Ghana a shekarar 2022 muka sha irin wannan. Sidi ya zube, tsadar kaya ta kai kashi 54.1 a Disamba, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin waje, ta nemi dala biliyan 3 daga IMF. Ingila da fam take cin bashi, bankinta na iya buga fam ya ceci kasuwa. Namu bashin wajen da dala ne, kuma Bankin Ghana ba ya buga dala.

Masu karatunku,
Aboabo, Kumasi