Motsin ƙasa a Mpape da Kwoi: a dubi irin ginin da muke yi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan girgizar ƙasa, wadda yawancinmu muka ɗauka labarin ƙasashen waje ce kawai.

A watan Satumba na 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi, cikin ƙaramar hukumar Jaba a nan jihar Kaduna, har bangon wasu gidaje ya tsage. Bayan shekara biyu, a Satumban 2018, aka ji irin wannan motsi a Mpape da ke maƙwabtaka da Maitama a Abuja, ya kuma sake dawowa a Satumban 2024. Ƙanena yana haya a Mpape lokacin motsin 2018, kuma ya ba ni labarin yadda wata ƙara ta taso daga ƙarƙashin ƙasa kamar ta tirela, kwanuka suka yi ta kaɗawa a kan kanta, mutane suka fito waje kowa yana salati.

Masana sun daɗe da sanin cewa akwai doguwar tsaga a cikin dutsen da ke ƙarƙashinmu, wadda ta taso daga Ifewara a jihar Osun ta ratso ta Zungeru a jihar Neja. Gaskiya ne cewa Najeriya ba ta zauna a kan mahaɗar manyan faifayen ƙasa (wato manyan ɓangarorin dutse da suka haɗu suka yi doron ƙasa) ba kamar Turkiyya, inda girgizar Fabrairun 2023 ta hallaka fiye da mutum 50,000 a can da Siriya, amma ai Akara, babban birnin Ghana, ma tana nesa da irin wannan mahaɗa, kuma girgizar 1939 ta rushe gidaje ta kashe mutane a birnin.

Abin da ya fi damuna shi ne gininmu. A nan Zariya, daga Samaru zuwa Tudun Wada, benaye ne suke ta tashi domin a ba ɗalibai haya, da yawansu kuwa birkila ne kaɗai ya tsara su, babu injiniya. Na taɓa sayen bulo a wani gidan buga bulo, ina ɗaga ɗaya gefensa ya marmashe a hannuna, saboda an cika masa yashi an rage siminti. Ginin da ruwan Agusta kaɗai yake iya tsagawa, yaya zai yi idan ƙasa ta ɗan girgiza?

Ina kira ga cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa a Toro ta jihar Bauchi, da malaman sashen ilmin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello, su shiga gidajen rediyo su yi wa jama'a bayani da Hausa, musamman a kan ko fasa dutse da nakiya da yawan haƙa rijiyoyin burtsatse suna da hannu a lamarin, tun da hukumomin Abuja sun dakatar da su a Mpape a 2018. Masu ba da izinin gini kuma su riƙa zuwa da kansu suna duba rodi da bulo kafin a zuba kankaren dakin.

Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya