Zuwa ga ɗalibina mai son hawa motar Kano

Ɗana,

Ranar walimar yaye ɗalibai ka miƙe a gaban iyaye da dagaci ka tambaye ni: tunda fim kake so, me zai sa ka zauna kana wasan dandamali a kulob ɗin makarantarmu, maimakon ka tafi Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, ka nemi furodusa? Kafin in buɗe baki ladan ya kira La'asar. Ga amsar, kuma na kawo ta fili ne domin na ga abokanka suna gyaɗa kai.

Mutumin da nake so ka sa a gaba shi ne marigayi Kasimu Yero. Ku ba ku riske shi a ganiyarsa ba. Mu a ƙofar gidan mai unguwa muke taruwa, talabijin a kan benci an jona ta da batirin mota, yara a gaba kan tabarma. Yau ya fito a Karambana na NTA Kaduna, mu yi dariya har ciki ya ƙulle. Wani daren sai ga shi a Magana Jari Ce cikin shigar fada, tafiya ta sauya, murya ta sauya, har tsofaffi su yi gardama ko shi ne. Shi ɗin dai ne Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn, shirin Turanci kan noma da aka fara a 1980, 'yan Kudu suna kallonsa kamar yadda muke kallonsa. Ya rasu a 2017, Allah ya jiƙansa. Har yau idan na rufe ido mutane uku nake gani a jiki ɗaya.

Irin wannan gwaninta a gaban jama'a ake ƙera ta. A dandamali babu daraktan da zai ce a tsaya a sake. Ka manta layinka, kai za ka fitar da kanka. Muryarka dole ta isa ga matar da ke tsaye can bayan darbejiya da goyo, ba tare da ka yi ihu ba. Kuma mutanen ƙauye ba sa ɓoye gajiya: wasa ya yi sanyi, sai ka ga ana kakkaɓe tabarma.

Masana'antar da kake hange ma daga nan ta fito. Turmin Danya na 1990, wanda ake ƙirgawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko na Hausa, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ne suka yi shi. Rabilu Musa Ibro kuwa ɗan Ɗanlasan ne a Warawa, ga ta nan kusa da mu, har aikin gandiroba ya yi.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne ka isa Kano da fuska kawai. Za a ba ka saurayi mai rawa da waƙa, a sake ba ka, ranar da furfura ta fito a nemo wani.

Ban hana ka tafiya ba, ɗana. Ka ba ni damina biyu. Asabar bayan La'asar muna gwaji a aji shida, na kuma ajiye maka rawar tsoho mai bin bashi, ba ta ango ba. Ka je kasuwar Wudil ranar Juma'a ka zauna kusa da dillalan shanu, ka kalli yadda dattijo ke riƙe sanda idan ciniki ya ƙi, ka zo ka kwaikwaya mini.

Malaminka