Godiya ga ofishin taimakon baƙi na tashar jirgin ƙasa ta Busan

Zuwa ga ma'aikatan wannan ofishi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Mu masu shirya wa matafiya balaguro zuwa Koriya ta Kudu ne, kuma mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, domin ƙananan bayanan da kuke ba baƙo su ne ke hana shi ɓata yininsa a banza.

Mai zuwa daga Afirka galibi a Incheon yake sauka, ya hau jirgin ƙasa na AREX zuwa tashar Seoul, sannan ya kama KTX, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, wanda ke kai shi Busan cikin kusan awa biyu da rabi. Yana fitowa a gajiye sai ya tarar da ku, ku miƙa masa taswira, ku zagaye masa da biro tashar da zai sauka da lambar ƙofar da zai fita. Maganar ƙofa ba wasa ba ce. Tashar Seomyeon, inda layi na 1 da na 2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa suka haɗu, ƙofofinta sun haura goma, wanda ya kuskure tasa sai ya ga kansa a ƙetaren babban titi da akwati a hannu.

Bayanin katin T-money, na biyan kuɗin bas da jirgi, shi ya fi burge mu: a saye shi a kantunan CU ko GS25, a zuba masa kuɗi da tsabar won, a taɓa shi a na'ura wajen hawa bas, a sake taɓawa wajen sauka. Wannan taɓawa ta biyu ita baƙi ke mantawa, alhali da ita ake samun rangwame idan an canza mota cikin minti 30. Haka kuma kuna sa mutane su sauke Naver Map ko KakaoMap, tunda Google Maps ya daɗe yana ba masu tafiya a ƙafa kunya a ƙasarku.

Busan gari ne na tsaunuka, abin da taswira ke nunawa kusa sai ya zama hawa mai cire numfashi. Shi ya sa mai son ganin unguwar Gamcheon kuke ce masa ya sauka a tashar Toseong ta layi na 1, ƙofa ta 6, ya jira ƙaramar bas Saha 1-1 ko Seogu 2, kada ya ce zai taka. Haeundae da Gwangan na bakin teku kuwa layi na 2 ne kawai, ba wata wahala.

Matafiyanmu Musulmi suna yaba yadda kuke kwatanta musu masallacin Al-Fatah, wanda aka buɗe a 1980, kusa da tashar Dusil a layi na 1. Layin nan dai shi ke bi ta kasuwar kifi ta Jagalchi, inda mai kaffa-kaffa da nama zai zaɓi kifinsa da rai a gasa masa.

Roƙonmu ɗaya ne: ku riƙa tunatar da baƙi tun ranar isowarsu su yanki tikitin komawa Seoul idan bikin Chuseok ko Seollal ya gabato, domin kujerun KTX kan ƙare tun da wuri. Lambar 1330 da ake kira a samu taimako da Turanci ma, a rubuta musu ita a jikin taswirar.

Mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara muku ƙarfin gwiwa.

Naku,
Wasu masu shirya wa matafiya balaguro