Don Allah kada ka sayo mini takalmin nan

Ƙofar Guga, Katsina.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya sanyin Ingila? Mu ma nan hunturu ya kankama, ƙura ta lulluɓe gari, da safe da ƙyar ake hango Hasumiyar Gobarau. Hajiya tana gaishe ka, kullum sai ta tambayi yaushe za ka zo gida.

Na ga hoton takalmin da ka turo mini, da saƙonka cewa za ka ba wani mai zuwa Kano ya taho mini da shi. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Kana can wata uwa duniya amma ciwon jijiyar nan da ke raunana mini ƙafa yana ranka, wannan ya taɓa ni ƙwarai. Sai dai ina roƙonka kada ka saya. Na riga na sa irinsa har wata biyu, kuma na ji jiki. Ban gaya maka a lokacin ba ne don kana tsakiyar jinyar ƙaramarku.

Bara ne, da damina, na gan shi wajen 'yan gwanjo a babbar kasuwa. Kambas ne mai kauri, ƙasansa ya kai faɗin yatsu uku, a gantsare kamar gindin ƙwarya. In ka ajiye shi a kan benci ka taɓa hancinsa, sai ya yi ta rangaji gaba da baya. Sunan kamfanin ma ya goge. Mai kayan ya ce na masu motsa jiki ne, yana ƙarfafa ƙafa ko tafiya kawai mutum yake yi. Ka san mai ciwo da jin kalmar ƙarfi. Ban ko yi dogon ciniki ba na biya.

Zan faɗa maka gaskiya, makon farko na ji daɗinsa. Ka san tafiyata tun muna makarantar kwana, yadda nake ɗaga gwiwa sama don kada yatsu su ja ƙasa, ƙafar ta sauko fat, fat. To shi wannan takalmi hancinsa a ɗage yake, yana mirgina ka gaba. Na taka daga gida har makarantar da nake koyarwa ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba, abin da na shekara goma ban gani ba. Da na dawo na ce wa maman yara na samu magani. Har hawaye ta yi.

A tsayuwa matsalar ta fara. Ina gaban allo ina rubutu, sai in ji ƙasa tana motsi da ni, in kai hannu in dafa tebur. In na tsaya gaisawa da mutum a hanya, ina magana ina neman bangon da zan jingina. Da dare sha-raɓata ta riƙa ɗaurewa har barci ya gagara. Duk na ɗauka ƙarfin ne yake shigowa, na ce ai sai an sha wuya akan sha daɗi.

Ranar da abin ya faru, asuba ce, babu wuta. Na fito zuwa masallaci ta lungunmu, inda ruwa ya zaizaye gefen hanya. Ƙafar dama ta sauka a kan gangaren, takalmin ya kife waje ɗaya, idon sawuna ya gurɗe, na zube a kan hannuna. Abin da ya fi tsorata ni daga baya shi ne ban ji wani zafin kirki ba. Na miƙe, na karkaɗe riga, na yi salla, na taka na dawo gida. Sai da hantsi na ga ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har tafin. Maƙwabta suka ce a kira mai ɗori, na ce a fara ɗaukar hoto. Ba karaya, amma jijiyar da ke riƙe gaɓar ta yage. Mako shida ina salla a zaune.

A sashen gashin ƙashi ne wata ma'aikaciya ta karɓi takalmin, ta jujjuya shi, ta ce, "Malam, wa ya ba ka wannan?" Ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da har yau ina gode mata. Ta ce abu uku ke tsayar da mutum: ido, da cikin kunne, da saƙon da ƙafa ke aika wa ƙwaƙwalwa game da inda ta taka. Ni na ukun ya riga ya raunana, shi ya sa duhu ke wahalar da ni. Shi kuma takalmin da gangan aka yi shi ya riƙa girgiza mai shi, don tsokar ƙafa ta yi ta aikin gyara tsayuwa. Mai lafiyar ƙafa yana gyarawa bai ma sani ba. Tsokar da ya kamata ta yi wannan aiki a jikina, mai ɗaga ƙafa da mai hana ta karkata waje, su ne ciwon ya fara cinyewa. Ga tafin ƙafata a ƙobare, dama a gefe nake takawa. Ga kaurin takalmin ya ɗaga ni sama, ya raba ni da ɗan abin da nake ji na ƙasa, in kuma ya kife, gurɗewar ta fi muni. Ta ce takalmi ba ya farfaɗo da tsokar da jijiya ta daina kai wa saƙo.

Ka taɓa tambayata sunan ciwon na ce maka na manta. Charcot-Marie-Tooth ake ce masa, a taƙaice CMT, sunayen likitoci uku da suka bayyana shi a 1886, biyu a Faransa, ɗaya a nan Ingila inda kake. Ana ƙiyasin mutum ɗaya cikin 2,500 yana da shi, ka ga ba ƙaramin yawa ba ne, amma mu nan sai a ce shan inna ne, ko iska, ko sammu. Marigayi Baba haka ya rayu ya rasu ana cewa tafiyar gidanmu ce. Ka tuna ƙwaurinsa, siriri kamar na shamuwa? Ba shi da maganin warkewa zuwa yanzu, sai lallaɓawa: motsa jiki daidai gwargwado, miƙar da agara, abin tallafe ƙafa, wani lokaci tiyata.

Ina kwance ina jinya na bi labarin takalmin a waya. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Karl Müller, shi ya fito da na farko da ya yi suna, wanda ake kira MBT, a shekarun 1990. Daga baya manyan kamfanoni suka shigo da nasu, ana tallar cewa suna ɗaure tsoka suna ƙona kitse. A 2010 wani bincike a Jami'ar Wisconsin da ke La Crosse ya gwada su da kambas na yau da kullum, bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta tuhumi kamfanonin kan tallar da ba su da hujjarta. Reebok ya amince ya biya dala miliyan 25 a 2011, Skechers kuma dala miliyan 40 a 2012. Wannan fa a kan masu lafiyar ƙafa ake magana. Raina ya ɓaci da na karanta, don can an yi shari'a an gama tun tuni, mu nan ana kwance dila ana sayar mana da alkawarin nan dai.

Kada in yi rashin adalci, ba kowane takalmi mai lanƙwasa ne abin gudu ba. Akwai wanda masu haɗa takalmin asibiti ke yi wa mutum bayan sun auna ƙafarsa, dunduniya da tsakiya a shimfiɗe daram, hancin kawai aka ɗan ɗaga. Irin wannan yana taimakon wasu, har da masu ciwon suga. Daɗin da na ji a makon farko daga ɗagin hancin nan ya zo. Na kuma san ciwon nan nawa ba iri ɗaya yake kama kowa ba. Amma wanda ka turo hotonsa na duba shi da kyau, tun daga dunduniya yake a gantsare, irin wancan ne sak.

Yanzu abin roba nake sawa, wanda aka auna mini a Asibitin Ƙashi na Dala. Yana tallafe tafin ƙafa, ya hau bayan sha-raɓa, a ɗaure da maɗauri ƙasan gwiwa. Da zafi yana sa gumi, cire shi a ƙofar masallaci sau biyar a yini aiki ne, kuma na daɗe ina jin nauyin a gan ni da shi. Amma tun da na fara sa shi ban faɗi ba. Kowane dare maman yara tana haska tocila ta duba mini tafin ƙafa da tsakanin yatsu, musamman yanzu lokacin faso, don ƙaya ko rauni na iya shiga ban ji ba.

Akwai maganar da ban gaya wa kowa ba sai ita. Likita ya ce tunda daga Baba ya zo mini kai tsaye, mai yiwuwa irin wanda kowane ɗa ke da rabi da rabi na gādo ne. Babban yarona shekararsa 11 yanzu. Watan jiya na ɗauki takalminsa na makaranta, na ga gefen waje ya cinye, na ciki kamar sabo. Na daɗe zaune a zaure da takalmin a hannuna. Bayan hutun nan zan kai shi Kano a yi masa gwajin jijiya. Ka sa mu a addu'a.

In har kana son ka aiko mini da wani abu, ka samo kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, mai faɗin baki, marar nauyi, mai igiya, wanda bayan dunduniyarsa ke da tauri, kuma ana iya zare shimfiɗar cikinsa don robar ta samu wuri. Lamba 44, ɗaya sama da tawa ta da. Ka turo hoto kafin ka biya, in nuna wa ma'aikaciyar nan.

Ka gaishe da uwargida, ka shafa mini kan yara. Allah ya ƙara wa ƙaramarku lafiya, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Ƙofar Guga.