Sanarwa kan yanka filaye a bayan ganuwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kafin kowa ya sa hannu a takarda, a duba waɗannan.

Kududdufin da ke wurin shi ke shanye ruwan unguwanni a watan Agusta. In aka cike shi ba a haƙa magudana ba, gidajen gangare ruwan zai nufa, kuma ginin ƙasa daga gindi yake jiƙewa ya zube. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Haɗejia da Ringim ba sai an yi masa bayani ba. Ya kamata mai aikin yanka filayen ya nuna mana inda ruwa zai bi a kan taswira, ba da fatar baki ba.

Ragowar ganuwa da tsohuwar maƙabarta a kafa musu turaku a gaban mai gari tun katafila ba ta iso ba. Burtali ma kada a taɓa.

Ranar kasuwa tifa da amalanke ba sa iya wuce juna a gaban firamare, don haka ya kamata mashigar filayen ta koma gabas.

Dokar filaye ta 1978 diyyar amfanin gona, itatuwa da gini take biya, ban da ƙasar kanta. A ƙirga kowace kuka da ɗorawa, a ɗauki hoto.